Ƙwallona a kurket baya sauka waje ɗaya: sakin hannu ne ko lokaci?

"Salamu alaikum Koci, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a Tudun Wada, shekarata 17, shekara biyu kenan ina buga kurket kuma jifan gudu nakeyi da hannun dama. Matsalata ƙwallona baya sauka waje ɗaya, wannan ya faɗi tun rabin fili, na gaba ya tafi ko ƙasa bai taɓa ba, a oba ɗaya (jifa shida) sai inyi wayid biyu (ƙwallon da ya kauce gefe nesa da mai bugu). Wani yayanmu a fili yace sakin hannuna ne bashi da kyau, wani kuma yace a'a gaggawa nakeyi lokacina ne bai daidaita ba. A tirenin da sauƙi amma da an fara wasa ko nace bari in ƙara wuta sai komai ya lalace. Don Allah wanne ne gaskiya, kuma wanne zan fara gyarawa?"

Wa'alaikumussalam ƙanena, Allah yayi albarka. Naji daɗin tambayar nan sosai don ka faɗi abu biyu da ba kowa ke lura dasu ba, wato ƙwallon naka gaba da baya yake watsewa, sannan sai ka nemi ƙara wuta abin ke ɓaci. Abinda kake tambaya a taƙaice shine yadda yatsunka ke rabuwa da ƙwallo ne ke jawo matsalar, ko kuwa lokacin da suke rabuwa dashi ne, kuma in duka biyun ne toh ta ina za'a kama.

Yayyen naka duka babu wanda yayi maka ƙarya. Na tabbata in ka tuna zaka ga wanda yace sakin hannu ne a bayan sanduna (sanda ukun da mai bugu ke karewa) yake tsayawa ko shine mai bugu, hannunka kawai yake gani yana zuwa masa a karkace, shi kuwa wanda yace gaggawa ce daga gefe yake kallonka yana ganin ƙafafu. Abu ɗaya suka gani daga wuri biyu. Ni dai a shekarun da nayi ina tsayawa da yara a fili, mafi yawan lokuta ƙafa ce ke fara ɓata abin, hannu kuma shi ake gani sai a ɗora masa laifi, amma akwai yaran da riƙon ƙwallon ne asalin cutarsu kuma akwai hanyar da zaka bambance cikin yamma ɗaya, zan zo kanta.

Ka tuna majajjawa

In ka taɓa zuwa gona korar tsuntsaye lokacin da gero ya fara nuna ka san majajjawa. Kana juya dutse a igiya, duk zagayen da yakeyi gudunsa ɗaya ne, abinda ke yanke inda zai tafi shine daidai lokacin da ka saki bakin igiyar, ka saki da wuri ya tashi sama, ka makara ya daki ƙasa a gabanka. Hannun mai jifa a kurket majajjawa ne, tunda doka ta hana ka lanƙwashe gwiwar hannu ka miƙe kamar mai jifan mangwaro, dole hannun ya zagayo a miƙe daga baya ya bi ta saman kai, kaga kenan ƙwallon zai bi duk inda hannun ya fuskanta a daidai lokacin da ya fita.

Bari in baka lissafi kaɗan don kaga ƙanƙantar abin. Tsakanin sanduna da sanduna yadi 22 ne, wato mita 20.12, layin da ƙafarka ta gaba ke sauka yana mita 1.22 a gaban sandunan ɓangarenka, wurin da muke so ƙwallon mai jifan gudu ya sauka kuwa tsakanin mita 6 zuwa 8 ne daga sandunan mai bugu. Saurayi kamarka yana sakin ƙwallo daga tsayin kamar mita 2, in muka ɗauka gudun ƙwallon kilomita 100 ne a awa, toh zai yi tafiyar mita 11 zuwa 12 kafin ya taɓa ƙasa, kuma in ka zauna da biro zaka ga bambancin digiri ɗaya tak a kusurwar da ya fita yana matsar da wurin saukar da kusan mita guda. Hannun kuma a wannan lokacin yana juyawa fiye da digiri dubu a sakan ɗaya. Ma'ana tsakanin ƙwallo mai kyau da wanda za'a aika maka dashi bayan fili, lokacin bai kai ko kusa da ƙiftawar ido ba.

Abinda yasa na kawo lissafin nan shine ka daina wahalar da kanka da tunanin "yanzu zan saki". Babu ɗan adam ɗin da zai iya ƙirga wannan lokacin da kansa, har manyan duniya ba haka sukeyi ba. Jiki ne ke koyon sakin da kansa, kuma baya iya koya sai in duk jifa yana isowa wurin sakin a yanayi iri ɗaya, in yau ka iso a miƙe gobe ka iso a karkace jibi ka iso kana tuntuɓe toh yatsu basu da abinda zasu haddace.

Yadda ƙafa ke ɓata hannu

Kai mai hannun dama ne, saboda haka bayan gudu da ɗan tsalle ƙafar dama ce ke fara sauka, sai ta hagu ta miƙa gaba ta dira, hannun hagu da ka ɗaga sama ya jawo ƙasa ta gefen haƙarƙari, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, kafaɗa ta biyo, hannun dama ya zagayo, daga ƙarshe wuyan hannu da yatsu su sallami ƙwallon. Kamar bulala ne, mariƙin ke fara motsi bakin ne ke ƙara a ƙarshe. Daga dirar ƙafar hagu zuwa fitar ƙwallo kamar kashi ɗaya cikin goma ne na sakan, kuma duk rigimar da muke magana akai a cikin wannan ɗan tsakanin take.

A jami'ar Lafbora ta Ingila sunyi bincike akan masu jifan gudu da kyamarori, abubuwan da suka samu suna tafiya da ƙarfin jifa sune saurin gudun shigowa, miƙewar gwiwar ƙafar gaba, yadda gangar jiki ke rusunawa gaba ta kan ƙafar, da kuma jinkirin hannun jifa. Wannan na ƙarshen shi nakeso ka riƙe don ya saɓa da abinda zuciya ke raya wa yaro. Masu ƙarfin jifa hannunsu baya gaggawa, lokacin da ƙafar gaba ta dira hannun yana can baya bai hau sama ba tukuna, sai ƙafar ta toka ƙasa ta tsaya kamar turke sannan duk gudun da aka kwaso ya bi ta jiki ya fita ta hannu.

Toh me ke faruwa dakai in kace bari in ƙara wuta? Abinda nake gani kullum shine yaro ya ƙara gudu fiye da yadda ƙafarsa zata iya tarewa, ya ɗaure kafaɗu, ya cije haƙora, hannun dama ya fara zagayowa tun ƙafar hagu tana iska. Kafin ta dira hannun ya riga ya kai kunne. Yanzu babu turken da zai dogara dashi, jiki na ta wucewa gaba, ƙwaƙwalwa taji ana shirin faɗuwa sai tayi ɗayan biyu, ko ta saki ƙwallon nan take ya tafi fultos, wato ya isa mai bugu ko ƙasa bai taɓa ba, ko ta riƙe shi har jiki ya samu ƙasa sai ya fita a makare ya daki rabin fili. Kaga ai abinda ka kwatanta kenan, kuma ƙwallon ma baya ƙara gudu, sauri ne ya haifi nawa.

Hannun hagu ma yana da nasa, kuma shi yara suka fi rainawa don ba shi ke riƙe da ƙwallo ba. In ka jawo shi da wuri ko ka yar dashi gefe maimakon ka jawo shi ƙasa, ƙirjinka zai buɗe kafin lokaci, kanka ya faɗa hagu, shikenan wuyan hannun dama bazai iya zama a bayan ƙwallo ba dole ya zame gefe. Wanda ke bayan sanduna sai yaga ɗinkin ƙwallo yana rawa, ƙwallon ya bi ta bayan ƙafafun mai bugu an ɗaga hannu wayid, sai yace maka sakinka ne ba kyau, kuma gaskiya ya faɗa, amma ko shekara kayi kana gyaran wuyan hannu bazai zauna ba muddin kan naka yana faɗawa gefe.

Akwai kuma tsawon takun ƙarshe. In ka miƙa ƙafar hagu da nisa fiye da kima jikinka bazai iya hayewa ta kanta ba, sai ka saki ƙwallon kana bayan ƙafar, ya tashi sama babu nauyi. Sai kuma tsoron nobol, wato laifin jifa da alƙali ke kamawa in ƙafar gaba ta tsallake layi, wanda ni a ganina shine ke bambanta tirenin da ranar wasa wurin yara da yawa. A tirenin ba mai kallon layi, ranar wasa ga alƙali a tsaye, sai kaga yaro ya taho lafiya lau saura taku huɗu ya sunkuyar da kai yana neman layi yana gutsura taku, duk karin da ya ɗauko ya zube a wurin. Dokar fa cewa tayi wani sashe na ƙafar gaba ya kasance a bayan layin lokacin da ta dira, ko dunduniya ce a ɗage ta wadatar, ba sai ka bar taku guda ba.

Yadda hannu ke ɓata lokaci

Yanzu ta ɗaya ɓangaren. Ko ƙafafunka sun yi daidai ɗari bisa ɗari, riƙon ƙwallo yana iya sa ya fita da wuri ko a makare. Riƙon da muke koyarwa shine ɗan ali da na tsakiya a sama, ɗinkin ƙwallo ya bi ta tsakaninsu da 'yar tazara kaɗan, babban yatsa a ƙasa akan ɗinkin, ƙwallon ya zauna a gaɓoɓin yatsu yadda in ka ɗaga hannun zaka hango haske tsakanin ƙwallo da tafin hannu. Riƙo kamar na ɗanyen ƙwai, bazai faɗi ba kuma bazaka fasa shi ba. Wurin fita babban yatsa ke fara barinsa, yatsu biyun nan su ne na ƙarshe, su sharo shi ta baya zuwa ƙasa sai ya tafi yana juyawa baya, wannan juyin shi ke tsayar da ɗinkin a miƙe cikin iska, kuma sai ɗinki ya tsaya ne ƙwallo ke lanƙwasa a iska ko ya canza hanya in ya sauka akan ɗinkin.

In ka matse shi da ƙarfi yatsu basa buɗewa akan lokaci, ya makara, ya faɗi kusa. In ka tura shi can cikin tafin hannu haka, ga makara ga rashin gudu, shi yasa ma manyan 'yan wasa da gangan suke tura shi ciki ko su ware yatsu in suna son jefa mai sanyi don yaudarar mai bugu. In kuma ya yi sako sako ko hannu na santsi sai ya sulluɓe tun hannu bai kai sama ba, wannan shine mai hatsarin, don fultos ɗin da ya wuce ƙugun mai bugu nobol ne kuma yana iya raunata ɗan mutane, ƙwallon manya gram 156 zuwa 163 ne na fata mai tauri.

Abinda ya fi damuna da yara shine yadda abu biyun ke ciyar da juna a cikin oba ɗaya. Ka jefa fultos an buga maka maki huɗu, ranka ya ɓaci, ba tare da ka sani ba ka ƙara matse ƙwallo don kar ya sake kufcewa, na biyu ya faɗi rabin fili an sake bugawa, sai kace toh bari in ƙara gudu, na uku ƙafa ta rikice. Kafin a ƙirga shida ka canza abu uku kuma baka san wanne ne ya fara ba. Akwai wani yaro da na taɓa koyarwa daga wajen Samaru, dogo ne mai kyawun jiki, na shafe kusan wata biyu ina gyara masa taku abin yaƙi, ranar nan bayan wasa na kama hannunsa naga shatin ɗinki ya fito ja a yatsunsa kamar an ɗaure su da zare. Tun daga inda yake fara gudu yake matse ƙwallon, matsewar ta ɗaure masa dantse har kafaɗa. Da muka sassauta riƙon, takun da nake ta fama dashi ya dawo da kansa cikin sati biyu, kuma wallahi har yau in na tuna ina jin ciwon watannin nan da na ɓata masa, shi yasa yanzu hannu nake fara dubawa duk da nasan yawanci ba a nan matsalar take ba, don duba shi minti biyar ne.

Kar ka manta da garin Zariya da muke ciki. Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, fatar yatsu na bushewa ta yi sulɓi har ta tsage, yara kuma su shafo basilin da safe su taho fili, ƙwallo ya dinga zamewa suna mamaki. Ka wanke hannun jifa da sabulu kafin ka fara, man ka bari sai an tashi, dama doka bata yarda a shafa wa ƙwallo wani mai ba, yawu ma hukumar kurket ta duniya ICC ta hana tun 2020, gumi kaɗai aka bari. Da bazara gumi ne ke jiƙa tafin hannu, da damina ciyawa ce ke jiƙa ƙwallon, duka maganinsu ɗan tsumma a soke a ƙugu kana gogewa kafin kowane jifa. Sannan filayenmu da yawa siminti ne ko tabarma akan siminti, yana cinye fata da ɗinki da wuri, tsohon ƙwallon da ɗinkinsa ya kwanta ba irin riƙonsa ɗaya da sabo ba. In kuma da ƙwallon tanis da aka naɗe da salatif kuke tirenin a unguwa toh ga wani babban dalili nan, ƙwallon tanis bai kai gram 60 ba kafin a naɗe shi, na fata ya kusa ninka shi uku, hannun da ya saba da mara nauyi in aka bashi mai nauyi ranar wasa dole lokacin sakinsa ya canza.

Gwajin da zai raba maka gardama

Ka samu aboki ɗaya, da ƙwallon fata, da wayar da ke ɗaukar bidiyo a hankali. In ɗinkin ya dushe ka bi shi da farin alli ko siririn salatif don a dinga ganinsa. Ka shimfiɗa buhu a tsakanin mita 6 zuwa 8 daga sanduna, saitin sandar waje, wato wadda ta fi nisa da ƙafafun mai bugu.

Da farko ba gudu. Ka tsaya a layi ƙafar hagu a gaba, ka ɗaga hannun hagu, ka jefa daga tsaye sau 12, abokin yana bayan sanduna yana kallon ɗinki. In daga tsaye ma ɗinkin rawa yake kuma ƙwallon na watsewa toh yayanka na farko ya ci gardama, hannu ne, ka koma kan riƙo. In kuwa daga tsaye ɗinki na tafiya a miƙe kuma yawancinsu suna sauka kusa da buhu, hannunka lafiyarsa ƙalau, sai ka ƙara taku uku, sannan biyar, sannan cikakken gudunka, kana lura da matakin da abin ya fara watsewa. Daga bayanin da kayi ina kyautata zaton a cikakken gudu zaka ga ya lalace.

Abokin ya dinga ajiye murfin kwalba a duk inda ƙwallo ya sauka har oba uku, sai ku tsaya ku kalli zanen da murafen suka yi. In sun jeru a layi ɗaya wasu gaba wasu baya, lokacin saki ne kawai ke motsi kuma hannunka na bi ta saman kai yadda ya kamata. In sun yi gicciye, na nesa sun karkata dama wajen ƙafafun mai bugu na kusa sun karkata hagu, hannunka ya sauko gefe ne, don majajjawar da ke juyawa a kwance in ta kuskure lokaci gefe take kuskurewa. Lasith Malinga na Siri Lanka haka yake jifa hannu a kwance kuma ya addabi duniya da yoka, wato ƙwallon da ke sauka dab da ƙafar mai bugu, amma shi tun yana yaro da ƙwallon tanis a bakin teku ya gina abinsa, ga wanda lokacinsa bai zauna ba wannan salon ninka kuskure yake.

Sai bidiyon. A ɗauke ka daga gefen dama, wayar a tsaye waje ɗaya saitin layi, ka tsayar da hoton daidai inda ƙafar hagu ta dira ka duba hannun dama. In yana baya saitin kafaɗa ko ƙasa da haka madalla, in ya riga ya kusa kai toh ga gaggawar da yayanka na biyu ke faɗa. Ka duba kan ka ma, idanu a daidaice suke ko sun kwanta.

Abinda zan sa ka kayi

In gwaji ya nuna ƙafa ce, ka fara da sake auna gudunka. Ka tsaya a fili inda ba layi ba sanduna, ka sa alama, ka taho da gudu ka jefa a duk inda jikinka yaji ya dace, abokin ya sa alama inda ƙafar hagu ta dira, ku maimaita sau shida ko takwas har kuga inda ta fi yawan sauka. Wannan tazarar itace taka, ka auna ta da igiya ka ƙulla, ka dinga zuwa da igiyar ko'ina, don aunawa da taku yana canzawa ranar da ka gaji ko kake zumuɗi. Da zarar ka yarda da igiyar ka daina kallon layi. Shekara 17 taku 12 zuwa 14 ya isheka, ka fara a hankali kana ƙarawa yadda mafi saurin takunka zai zama na dab da tsalle, kuma ka tsaya a kamar kashi uku cikin huɗu na ƙarfinka na tsawon sati uku ko huɗu. Ka saurari ƙarar ƙafafunka, mai jifan da ya daidaita takunsa kamar luguden daka yake, ko ka rufe ido kasan inda taɓarya zata sauka, in kaji lugude ya karye toh kar ka jefa, ka wuce ka dawo ka sake.

Ƙa'idata da yara itace sai huɗu cikin shida sun sauka akan buhu ko dab dashi kafin a ƙara taku ko a ƙara wuta, in an ƙara ya watse a koma baya, ba abin kunya bane. Kuma in kana son canza inda ƙwallo zai sauka kar ka aika wa yatsu saƙo, idonka zaka matsar, kana son yoka ka kafa ido a gindin sanduna tun daga inda ka fara gudu, kana son na daidai ka kalli buhu, jiki zai gyara sakin da kansa. Bayan saki kuma ka raka ƙwallon, hannun dama ya wuce ta gefen cinyar hagu ka bi shi da taku biyu uku, wanda ke taka birki da zarar ya saki tun kafin sakin ya fara rage gudu bai sani ba.

In hannu ne, aikin zaune ne. Kai da aboki ku durƙusa tazarar mita biyar ko shida, ka tallafe gwiwar hannun dama da hagu, ka dinga tura masa ƙwallo da wuyan hannu da yatsu kaɗai kuna kallon ɗinki, minti goma kullum, ko a tsakar gida bayan la'asar zaka iya. Wurin gudu ka riƙe ƙwallon sako sako da taimakon hannun hagu har sai ka zo tsalle. Amma abu ɗaya zaka dinga gyarawa a lokaci ɗaya, kuma in akwai gasa a gabanku cikin sati biyu kar ka taɓa komai sai igiya da tsumma, ba'a fafe gora ranar tafiya.

Game da ƙara wuta, nasan duk saurayi yana son ace shine Shoaib Akhtar da aka auna jifansa kilomita 161.3 a awa a gasar duniya ta 2003. Amma Glenn McGrath na Ostireliya bai kai shi gudu ba ya fitar da mutum 563 a wasannin Test, wato dogayen wasannin ƙasa da ƙasa na kwanaki, da sauke ƙwallo waje ɗaya har mai bugu ya gaji ya yi kuskure. Jasprit Bumrah na Indiya kuma da yara ke kwaikwaya yanzu daga YouTube, ɗan gudunsa gajere ne yana sakin ƙwallo can gaban jikinsa, amma gwiwar hannunsa halittarta ce take lanƙwasawa baya fiye da ta sauran mutane, ba abin kwaikwayo bane. Mu ma nan gida, 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 da suka doke Niyu Zilan a gasar duniya a Malesiya a Janairun 2025, maki 65 kacal suka yi cikin oba 13 kuma suka tsare shi suka ci da tazarar 2, jifa mai saiti ne ya yi wannan aikin. Kuma garin nan ba baƙon kurket bane, tun daga kwalejin Katsina ta 1921 inda Sardauna ya buga shi, wadda ta dawo Zariya a 1949, daga baya ta zama kwalejin Barewa, saboda haka in ka dage akwai inda zaka je.

Abu biyu zan ja maka kunne akai. Yaron da hannunsa ke makara ko yake neman gudun da jikinsa bai bashi ba yakan fara lanƙwasa gwiwar hannu yana fizgewa, doka kuma tun 2005 digiri 15 kawai ta yarda gwiwar ta miƙe daga lokacin da hannu ya kai saitin kafaɗa zuwa saki, in ya zama ɗabi'a cire shi yana da wuya ƙwarai, ka sa a duba maka a bidiyon. Na biyu bayanka. Duk dirar ƙafar gaba nauyin da ke bi ta jikinka ya ninka nauyinka sau biyar ko fiye, kuma a shekarunka ƙashin baya bai gama ƙwari ba, in ƙugu na kallon wani waje kafaɗu na kallon wani wajen ko kana faɗawa hagu sosai, ƙasan baya ne ke biya, yawanci ɓangaren hagu ga mai hannun dama. Kar ka jefa da cikakken ƙarfi kwana biyu a jere kana yin oba da yawa, musamman akan siminti, kuma in kaji ciwo a ƙasan baya da ke dawowa duk sanda ka jefa toh ka ajiye ƙwallo kaje asibiti a duba, wannan ya wuce aikin koci kuma ba'a maganinsa da man zafi.

Duk wannan daga rubutunka na gina shi, ban ga jifanka da idona ba, kuma wani abin sai an tsaya a gefenka ake kama shi. Kayi gwajin tsaye da na murafen kwalba a satin nan, ka ɗauki bidiyo biyu ɗaya daga gefe ɗaya daga bayan sanduna da ƙwallon da kuke wasa dashi ranar gasa, ka nuna wa yayyen naka su biyun a tare ku tsayar da hoton a dirar ƙafar hagu, sannan ka dawo min da abinda kuka gani da yadda murafen suka jeru, daga nan sai in faɗa maka na sati huɗu masu zuwa.